Ƙyauren Lele Saveta

Ƙa'idar tseren kekunan dutse na ƙauyenmu ba ta da wuyar fahimta. Duk wanda bai iso tashar ƙarshe da ke bakin gada kafin ƙarfe uku ba, za a yanke lambar da ke gaban kekensa, ya koma gida ta kwalta. Mai yankan lambar ita ce Viorica, matar Traian Goia. Shekara biyu a jere tana yanke ta mijinta.

Bana ce damarsa ta ƙarshe. Likita a birnin Cluj ya sa ranar yi wa gwiwarsa ta dama aiki da shigowar sanyi, ya kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin, hawan keke sai dai zuwa kanti a dawo. Traian mai gyaran wutar lantarki ne, ya haura hamsin. Bai taɓa mafarkin zuwa na ɗaya ba. Abin da yake so shi ne ya ƙetare gadar nan da lambarsa sau ɗaya, a kan hanyar da shi da abokansa suka sara da diga da shebur a cikin tsaunukan Apuseni.

Da safe, a filin makaranta inda ake tashi, Sabin ƙanin Viorica ya turo kekensa kusa da shi yana tauna burodi.

"Mijin yaya, ka karya kuwa? Ko sai an yanke lamba za ka ci a natse?"

"Ka ji da tumbinka. Jiya na ji sirdinka yana neman agaji."

"Yaya ta wasa almakashi, da idona na gani."

"Don taka lambar ta wasa."

Mai shela ya karanta sanarwa ta lasifika. Ruwan da aka yi jiya ya jiƙa saiwoyi, a yi hankali. Tsohuwa Lele Saveta ta kai shanunta makiyayar da ke gindin tsauni, saboda haka ƙyaurenta a buɗe yake yau, a bar shi a buɗe. 'Yan gari suka yi tafi. Baƙin da suka zo daga birane ba su san wace ce ba, suna ta duba iskar tayoyinsu.

Hanyar ta ratsa makiyayar tsohuwar ne bisa sharaɗi ɗaya da ta gindaya tun farko: wanda ya buɗe ya rufe. Ranar da saniya ɗaya ta fita, ranar hanya ta mutu. Traian ne ya ba ta hannu a kan haka, kuma tun daga lokacin bai taɓa wucewa bai maƙala wayar ƙyauren a jikin turke ba.

Hawan farko ya ci rabin safiya. Laka ta cika tsakanin taya da ƙarfe har sai da ya tsaya ya ƙwaƙule ta da tsinke. A cikin kurmi saiwoyi suka kayar da shi ta gefen hagu, ya tashi ya miƙar da kan keken tsakanin cinyoyinsa ya ci gaba. Gwiwar ta fara magana tun kafin rana ta take. Ya koma ƙaramar giya, ya daina kallon saman tudu, sai tayar gaba kawai.

A tashar ruwa ya tarar da wasu baƙi huɗu 'yan birnin Oradea, riga iri ɗaya, sun kifa keke suna gyaran sarƙa. Tun safe yake wuce su a hawa, su kuma su wuce shi a gangara kamar ba su san inda birki yake ba. Ya cika gorarsa, ya cusa cuku da tuffa a aljihu, ya bar su a nan. Sabin ma yana can baya.

Hawa na biyu ya fi na farko tsawo. Daga wani wuri ya daina tunani gaba ɗaya. Gishirin gumi ya bushe a gefen bakinsa, yatsunsa suka sage. Da ya fito fili, hanyar ta gangara cikin ciyawa, sumul, inda kowa ke sakin birki, sannan ta karya kwana a bayan tarin ciyawar da aka jibge don sanyi. Ƙyauren yana bayan kwanar. Sanduna ne na icce da suka yi toka-toka, ba a ganinsu sai an zo dab.

Traian ya wuce ta buɗaɗɗen ƙyauren ya tsaya, don a nan yake tsayawa kullum kafin Haƙora. Ya jingina keken da turke, ya miƙe ƙafar dama, ya ci cukun, ya sha ruwa, ya sauke sirdi. Sannan ya hau.

Haƙora gangara ce ta fararen duwatsu masu kaifi, jere kamar matakalar da aka gina a cikin maye. A tsere biyun da suka wuce, a ƙafa ya sauke ta yana riƙe da keken. Yau gajiya ta hana shi jin tsoro. Ya tura jikinsa bayan sirdi, ya sa yatsa ɗaya a kowane birki, ya bar tayar gaba ta faɗa matakin farko. Ta baya ta zame a kan gansakuka ta dawo. A tsakiya akwai tsaga tsakanin duwatsu biyu wadda faɗinta bai fi na feda ba. Ya daidaita ƙafafunsa ya shige, ƙarfe ya goga dutse. Ya sauko har bakin rafi bai sa ƙafa a ƙasa ba.

Ya duba agogo. Daga nan zuwa gada hanya ce ta bin rafi, kuma lokacin da ya rage ya isa har da saura. Ya ɗaga hannu zai share fuska, sai ya ga jan layin tsatsa a tafin safar hannunsa, sabo, daidai inda wayar ƙyaure ke kwanciya.

Ya tsaya yana kallonsa. Bai tuna ya rufe ba. Abin da ya tuna shi ne ƙarar waya tana shiga turke, kuma wannan ƙarar ya ji ta sau ba adadi. Ya ciro wayar salula. A wannan kwarin ba a taɓa samun layi ba, yau ma haka.

Ya dubi hanyar rafi. Ya dubi sama. Ya kwantar da keken a gefe, ya fara hawa Haƙora a ƙafa.

Takalmin keke ba na hawa dutse ba ne. Ƙarfen da ke tafinsa yana zamewa, sai ya koma kama duwatsun da hannu. A wajen tsagar nan ya haɗu da Sabin yana saukowa, keke a kafaɗa, fuska jawur.

"A'a, mijin yaya! Gada tana ƙasa. Ko ka fara rikicewa ne?"

"Ƙyauren. A buɗe yake?"

"Wani ɗan banza ya rufe shi! Saura ƙiris in bar haƙorana a jiki. Allah ya so ni ba na gudu."

"Ka bar shi a buɗe?"

"Na rufe mana."

"Ka rufe?"

"A rufe na same shi. Na ce ko Lele ta sake shawara ta dawo da shanun. Kana so ta cinye ni ɗanye?" Sabin ya sauke keken. Ya dubi fuskar Traian, ya dubi safar hannunsa. "Kai. Kar dai ka ce min."

"'Yan Oradea sun wuce ka?"

"Suna baya, da na wuce su sun kusa gama sarƙar." Sabin ya dubi sama. "Koma ka ɗauki kekenka. Ni zan je."

"Kafin ka kai wannan tumbin sama an kwashe su a motar asibiti. Wuce."

"Traian, bana ce fa."

"Na san bana ce. Matsa min."

Sauran hawan ya yi shi da rarrafe. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, sai ya riƙa jan ta a baya. Da ya kai sama ƙyauren yana rufe, waya a maƙale tsaf, aikin mutanen kirki. Ya zare ta, ya ja sandunan har suka kwanta a jikin shinge, ya mirgino dutse ya tokare.

Bai gama miƙewa ba ya ji ƙarar tayoyi a cikin ciyawa. Su huɗun suka ɓullo daga bayan tarin ciyawa a jere, kai a sunkuye, ba wanda ya taɓa birki. Iskarsu ta kaɗa masa riga. Na ƙarshen ya ɗauka ma'aikacin tsere ne, ya ɗaga murya:

"Baba, saura nisa?"

"Kaɗan," in ji Traian. Sun riga sun ɓace.

Saukowa ta fi hawan wuya. Wasu matakan a zaune ya sauke su. Mutum biyu suka wuce shi suna tambaya ko lafiya, ya ce lafiya. Keken yana inda ya bar shi. Ya hau, ya bi rafi, yana taka feda da ƙafar hagu, ta dama tana bi kawai. Bai sake duba agogo ba. Ƙararrawar cocin ƙauye ta buga uku yana cikin itatuwa, inda ko gadar ba a hangowa.

Viorica tana zaune a kan kujerar roba a bakin gada, bargo a cinya. Daga ƙetare ana jin lasifika da ƙamshin miyar wake da ƙyafaffen nama. Sabin yana tsaye a can ɗaya gefen, lambarsa a gaban keke, kwano a hannu, bai ci ba.

Traian ya tsaya a gabanta. Sai da ya yi dabara kafin ya iya sauke ƙafar dama.

"Sabin ya faɗa min," in ji ta.

"Bakinsa ba ya ajiya."

"An sanar da safe. Kana tsaye a wurin."

"Na ji."

"Wani ya ji ciwo?"

"Babu."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi gwiwar, wadda ta kumbura har ta cika wandon. Ta tashi ta ɗauko almakashi.

"Da yawa na makara?"

"Ba ka son sani."

Igiyoyin roba uku ne ke riƙe da lambar. Ta yanke su ɗaya bayan ɗaya. Sauran lambobin da ta yanke yau suna cikin kwali a ƙasa. Tasa ta goge mata laka da gefen bargo, ta sa a aljihun rigar sanyinta.

"Haƙora na sauko a kan keke," in ji shi. "Tun daga sama har rafi."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"To, zauna kafin ka faɗi."

Ya zauna a kujerarta. Sabin ya ƙetaro gadar ya miƙa masa kwanon, Traian ya karɓa ya riƙe don ɗuminsa.

"Da dutse na tokare shi," ya ce. "Lele za ta mayar da shanu kafin duhu. Sai wani ya hau ya rufe."

Sabin ya dubi tsaunin, ya dubi yayarsa.

"Kar ka kalle ni," in ji Viorica. "Kai ka iya rufewa."