Kwalba Ɗaya Daga Gobe

Clive Ollerenshaw ya rubuta fina-finai goma sha ɗaya, amma in ka tare mutum a titi ka ambaci sunansa, kallonka kawai zai yi. Ce masa, "Kwalba ɗaya ta isa daga gobe," yanzun nan zai kwashe da dariya. Wannan maganar ce ta yi wa Clive suna a Landan, ita ce kuma ta raba shi da yayarsa Beryl shekara talatin da ɗaya.

Kuma fa ba daga kansa ta fito ba. Lokacin da mahaifiyarsu ke kwance ba lafiya a garinsu Grimsby, Beryl ce mai juya ta, ita ce mai wanke ta. Gogan naka yana can wurin ɗaukar fim, kullum sai ya ce zai zo mako mai zuwa. Ranar da tsohuwar ta cika, Beryl ta buga masa waya tana kuka. Ta ce dab da ƙarshe Mama ta buɗe ido, ta ce a saka wa mai kawo madara takarda, kada ya ƙara ajiye kwalba biyu a bakin ƙofa, ɗaya ta isa daga gobe. Clive ya yi kuka, ba wanda ya ce bai yi ba. Amma hannunsa na dama ya riga ya lalubo fensir.

Bayan shekara biyu sai ga maganar a bakin wata tsohuwa cikin fim ɗinsa na barkwanci. Ranar da aka fara nuna shi, zauren ya kaure da dariya, Beryl ta suri jakarta ta fice. Duk wasiƙar da ya aika mata, a rufe take dawowa.

Yanzu yana da saba'in da huɗu, likita kuma ya ga abin da bai yi masa daɗi ba a huhunsa. Clive ya hau jirgin ƙasa da safe, da azahar yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka haife shi.

Beryl ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Kai ne? Ka tsufa, Auta. Goge takalminka."

Ta ɗora ruwan shayi, ta zuba masa sukari cokali biyu ba ta tambaye shi ba. Wannan kaɗai ya kusa sa shi hawaye.

"Yaya, na zo ki yafe mini ne," in ji shi. "Na sa duniya ta yi wa Mama dariya."

"Dariya? Kai dai har yau ba ka yi wayo ba. Da Mama na zauren nan, muryarta za ka fi ji."

"To me na yi?"

"Ba a kan madara ta tsaya ba. Ta ƙara wata magana, kuma taka ce. Na buɗe baki zan faɗa maka ke nan, sai na ji motsin fensir ta cikin waya. Ina kuka, kana rubutu! Na je kallon fim ɗin nan ina fatan kunnena ne ya yi mini ƙarya. Ashe daidai na ji."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Shekara talatin da ɗaya yana neman gafarar laifin da ba shi ne laifin ba.

"Faɗa mini, Yaya, don Allah. Lokacina ba shi da yawa."

Ta dube shi da kyau, ta ga ramar wuyansa. Ta ajiye kofi.

"Ta kama hannuna," in ji Beryl a hankali, "ta ce, 'Shi kuwa Clive...'"

Sai ta katse maganar. Idonta na kan ƙirjinsa. Clive ya sunkuya ya duba. Hannunsa na cikin aljihun kwat, biro ya fito rabi. Wallahi bai san lokacin da ya kai hannun ba.

Ya saki biron kamar ya taɓa garwashi. Beryl ta miƙe ta ɗauki tsumma, ta shiga goge teburin da ba abin da ya zuba a kai.

"Sha shayinka, Auta," ta ce. "Zai huce."