Shafin da Ba Ya Cikin Jarrabawa

Ku yi mini afuwa tun kafin a je ko'ina. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya. In kun ga wurin da ya karkace, ku kau da kai ku wuce, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe a titi.

Auta ake ce mata a gida. A makaranta kuwa ba a cika kiranta ba, domin ita ma ba ta cika yin abin da za a kira ta ba. Bencin baya take zama, jikin taga, da littafi a kan cinya. In malami ya jefo tambaya sai ta duƙa tana gyara igiyar takalmi, ko da ta san amsa. Amma idonta da kunnenta ba sa hutu. Duk abin da ya gilma sai ta ɗauke shi, ta riƙe a ranta har a tashi.

Babanta yana da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da labule. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, da yamma kuma ta Auta ce, bisa sharaɗi guda: aikin makaranta kawai. Baba ba ya maimaita magana. Yayanta ya taɓa saka wasan ƙwallo a ciki, har yau ko linzamin kwamfutar bai ƙara taɓawa ba.

To a kan wannan kwamfutar Auta ta buɗe bulog, wato shafin rubutu a intanet, a ɓoye, ta raɗa masa suna Leƙen Taga. Ba sunanta, ba hotonta. Takan gama aikin gida a gurguje, sannan ta rubuta abin da ta gani ranar: mai gadin makaranta da yake barci ido ɗaya a buɗe, ko kyanwar ɗakin karatu da ba ta kwanciya sai a kan ƙamus. In ta danna ta wallafa, sai ta ji kamar ta leƙa rijiya, sannan ta koma gida tana tsalle-tsalle a bakin kwata. Ba wanda yake karantawa. Sau ɗaya aka taɓa yi mata sharhi, shi ma tallan man gashi ne, amma sai da ta zauna ta rubuta masa godiya.

Ranar da abin ya samo asali, kan Malamin Lissafi ta yi rubutu. Tana da wata ɗabi'a irin ta masu son littafi, ba ta yarda da rubutu sai ta gan shi a takarda. Ta faki idon Baba, ta danna a buga. Firinta ta yi ɗan gurnani ta yi shiru, takarda ta ƙare.

"Auta, kashe mu tafi, hadari ya haɗo," in ji Baba, yana jan ƙofar ƙarfe.

Ta kashe kwamfuta, ta ɗauka magana ta mutu ke nan. Ba ta san firinta ba ta mantuwa ba.

Washegari da sassafe Malamin Lissafi ya faka babur a ƙofar shago, ya miƙa filash, ya ce jarrabawa ce ta ajin su Auta, shafi biyu, a buga a yi kwafi, sauri yake yi. Ya fita waje amsa waya. Shi kuwa Baba, tsarinsa ne ba ya karanta takardar mutane. In jarrabawar ajin 'yarsa ce ma, har juya ƙeya yake yi, ya yi aikin da lalube, don kada wata rana a ce ya gani ya tsegunta mata. Ya zuba takarda, ya danna, ya kafa wa kalandar bango ido. Rubutun Auta ya fara fitowa ya kwanta a ƙasa, tambayoyin suka hau kansa. Baba ya kwashe duka ba tare da ya duba ba, ya yi kwafi, ya maƙala da fil, ya zuba a ambulan ya liƙe.

A aji an raba takardu, an yi tsit, ba ka jin komai sai kukan fanka. Wata da ake kira Rediyo saboda surutu, wadda suke benci ɗaya da Auta, kullum daga baya take fara duba jarrabawa, wai don ta san iyakar masifar tun da wuri. Ta buɗe shafin ƙarshe. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Ke," ta raɗa, tana zungurin Auta da gwiwar hannu. "Duba na uku. Wayyo cikina."

Auta ta juya takarda. Ga kanun nan ɓaro-ɓaro: Malamin da Yake Hira da Lambobi. Ta ji benci ya tafi da ita. A ƙasa ga nata kalmomin, har da waƙafin da ta sha wahalar zaɓa:

"Malam ba ya koyar da lissafi, sulhu yake yi tsakanin lambobi. Yakan tsaya gaban allo ya ce, 'Kai bakwai, koma can, ba nan ne gidanku ba.' Sifili kuwa tausayinsa yake ji, har sassauta murya yake in ya zo kansa. In ana ɗebewa sai ya dubi tara ya ce, 'Don Allah ara mana ɗaya, yanzu za mu mayar.' Shekara guda ina zuba ido. Ban taɓa ganin ya mayar ba."

Can ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙe, ga adireshin Leƙen Taga.

Dariyar daga baya ta taso, layi-layi, kamar ana kunna fitilu. Wani ya toshe baki da hula. Wata ta kifa kai a tebur tana dukan katako. Auta ta nemi igiyar takalmi, ta tarar yau silifa ta saka.

"Mene ne abin dariya a lissafin kusurwa?" Malam ya daka tsawa. Ya fizgi takardar wani na gaba, ya ɗaga ta daidai hanci. Leɓɓansa suna motsi. Kunnuwansa ma kamar suna motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya buga tebur.

"Wa ya ce ba na mayarwa? A layin ƙasa ake mayarwa! Shekara nawa ina faɗa muku!"

Ajin ya tarwatse da dariya gaba ɗaya.

Da ƙyar aka samu shiru. Malam ya ce kowa ya yage shafin ya kawo, kowa ya yage ya cusa a aljihu. Ya ce da an tashi zai je shagon da aka buga, sai ya ji wanda ya yi masa wannan aika-aika. Sai idonsa ya sauka kan Auta, domin ya san 'yar mai shagon ce.

"Ke dai na san ba ke ba ce," in ji shi, ya yi mata nuni da alli. "Tunda kike ajin nan ban taɓa jin kin haɗa jimla ɗaya ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta rasa godiya za ta yi ko kuka.

Lokacin hutun tara kuwa, abin da ba ta taɓa mafarki ba ya faru. A bakin famfo ta ji wani ɗan babban aji yana ce wa abokinsa, "Ara mini biro, yanzu za mu mayar," suka kwashe da dariya. A baranda wasu sun yi cincirindo kan waya ɗaya da aka shigo da ita a ɓoye, ana karanta labarin kyanwar ƙamus da ƙarfi. Jimlarta ce a bakin mutane! Auta ta wuce su ta dawo, ta sake wucewa kamar ta yar da wani abu. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa sosai.

"Wai ana cewa ni ce," in ji Rediyo, tana gyara ɗankwali. "Ni dai ban ce e ba, ban ce a'a ba."

"Ke ce?" Auta ta tambaya, tana danne dariya.

"Ke dai bari. Ba komai ake faɗa wa yara ba."

Auta ta ciji yatsa don kada ta fashe. Sai ta tuna da Baba, da yayanta da linzami, dariyar ta koma ciki ta zama dutse. In Baba ya gane, shi ke nan an rufe taga, kuma a ranar da aka fara leƙowa.

Ana kaɗa ƙararrawa ta zuba a guje, jaka na dukan bayanta. Dabararta ita ce ta riga Malam isa, ta goge duk wata alama a kwamfutar. Ta manta mai babur ba ya tsere da mai silifa. Da ta iso tana haki, babur na jingine a ƙofa, mai gyaran agogo da mai labule sun baro shagunansu sun tsaya kallo. Ta raɓa ta maƙale bayan kantar da ake jera ambulan.

"Karanta, maigida! Karanta abin da ka raba wa ɗalibaina!"

"Malam, ka san ni ba na karanta takardar mutane."

"Yau na ba ka izini!"

Baba ya saka tabarau. Ya fara karantawa fuska a ɗaure, kamar mai duba takardar asibiti. Wajen sifili gashin bakinsa ya motsa. Wajen tara ya yi tari, ya sake yin tari, ya juya ya dafa bango.

"Dariya kake yi?"

"Subhanallahi, Malam. Ƙurar takarda ce."

"To buɗe mana wannan adireshin mu ga mai shi."

Baba ya buga adireshin da yatsa biyu. Leƙen Taga ya bayyana, da ruwan ɗorawar da Auta ta zaɓa da kanta. Malam ya karɓe linzami yana gangarawa ƙasa, mai gadi ya wuce, kyanwa ta wuce. Sai ya tsaya cak, fuskarsa ta washe.

"Af! Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ku saurara, jama'a. Mutumin da Yake Rarrashin Firinta." Ya gyara murya irin ta aji. "'Akwai wani mai shago da ba ya jin tsoron kowa sai firintarsa. In ta cije takarda ba ya dukanta. Shafa mata kai yake yi, ya ce, haba ranki ya daɗe, a gaban baƙi?'"

Mai labule ya zauna a ƙasa. Mai agogo ya cire gilashin idonsa yana share hawaye.

"Wallahi shi ne! Ta bango nake jin sa!" in ji mai labule.

Baba bai yi dariya ba. Ya zare tabarau a hankali. Mutum ɗaya ne yake zama a shagon nan da yamma, shiru kamar kujera. Ya ɗaga kai, idonsa ya bi ta saman ambulan ya sauka daidai kan nata. Auta ta ƙara duƙawa.

"Maigida, su wa suke taɓa kwamfutar nan?" Malam ya tambaya.

Baba ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.

"Masu zuwa suna da yawa, Malam. Ni kuma ba na leƙa abin da mutum yake rubutawa."

"To ni sai na mayar da martani. Ina wurin sharhi? Rubuta. Ka ce, ana mayarwa a layin ƙasa, kuma duk wanda bai gane haka ba ya zo ranar Litinin da littafinsa." Ya sassauta murya. "Ka ƙara da cewa maganar sifili gaskiya ce. Abin tausayi ne."

Baba ya buga, harafi bayan harafi. Da ya gama sai ya yi magana da ƙarfi, yana kallon silin, kamar da fanka yake.

"Ni ma ina da nawa sharhin. In mai shafin nan yana ji, kwamfuta tana nan da yamma kamar kullum. Amma lissafi tukuna, sai ya gane inda ake mayar da ɗayan nan. Kuma ya daina yi wa mutane ƙage. Ni ban taɓa ce wa na'ura ranki ya daɗe ba."

"Buga mini na firintar in kai wa uwargida," in ji Malam.

"Ni ma guda," in ji mai agogo.

Baba ya yi tsaki ya danna. Firinta ta ja takarda, ta kai rabi, ta yi ƙara ta cije. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya kai kanta.

"Haba, ranki ya..."

Shagon ya ɗauka da dariya. Malam ya riƙe ciki ya faɗa kan kujera, mai labule yana dukan ƙofar ƙarfe, har masu wucewa suka fara tsayawa suna tambayar lafiya. Auta ta toshe baki da hannu biyu, ta ja da baya, ta bi ta bayan babur. Ba wanda ya waiwayo. Sai da ta sha kwana sannan ta saki dariyar, ta ruga gida, jimlar farko ta rubutun gobe tana ta yi mata tsalle a ka.