Wayoyi Biyu a Ƙofar Baba

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu ina juya shi a raina. Kwana uku ke nan ina fama da wata na'ura da na kafa a ƙofar ɗakin magani na wani asibiti, irin wadda ake kusanto mata da kati ta buɗe ƙofa ba sai an taɓa ta ba. Ta ƙi magana da kwamfuta. Ashe biyo ni ta yi har kan katifa.

Na ganni da rana tsaka a wani gari inda ruwan sama yake tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Mutane sun kifar da lemominsu sun tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wando.

A tsakiyar fili akwai ƙofa ita kaɗai, ba bango, ga na'urata manne a jikinta da jar fitilarta. Na zagaya ta baya don in huta da wahala, sai na sake ganina a gaba. Sau uku ina gwadawa, don abin ya ba ni sha'awa.

"Sallau, bar zagaye ka buɗe," in ji wata murya daga ciki.

Muryar Baba ce, Malam Ɗantani mai gyaran rediyo, wanda ya rasu bara. Ranar da zai rasu ya kira ni ina kan tsani, na ce masa, "Baba, zan kira ka," na kashe. Ban kira ba. Abin da ya so faɗa mini ranar shi ne yake cina har yau.

"Baba, faɗa mini daga nan, ina ji."

"Na daina magana da kai ban ga fuskarka ba. Ka yi sauri, in ruwan nan ya gama hawa da shi zan tafi."

Sai ga ni a wani ofis. Akuya ce a kan kujera, da tabarau, tana tauna littafin bayanin na'urar shafi-shafi. A kan teburinta ga adafta, ɗan mahaɗin da ke tsakanin na'urar da kwamfuta, ya zama kunkuru mai haƙora tara.

"Ranki ya daɗe, lambar da kwamfuta ta san shi da ita nake nema. Jiya uku ce."

"Yau bakwai," ta ce. "Duk wanda aka zare aka mayar, baƙo ne a wurinmu."

Ta buga hatimi a bayan kunkurun. Na tambaye ta da wane sauri na'urar take magana, ta ce dubu tara da ɗari shida, amma ranar kasuwa takan ƙara. Na gode mata, na saɓi kunkuruna.

Na dawo bakin ƙofa, na haɗa kunkurun tsakanin na'ura da kwamfuta, na sa lamba bakwai, na daidaita saurin ɓangarorin biyu. Shiru. Ruwa ya fara tsagaitawa, har ana iya ƙirga ɗigonsa.

Na kara kunnena a bayan kunkurun. Abin mamaki, ciki cike yake da surutu. Na'ura tana ta sallama, kwamfuta ma tana ta sallama, babu mai amsawa.

"Me ka ji?" Baba ya tambaya.

"Duka biyun magana suke yi."

"To ai ka haɗa bakin wannan da bakin waccan, kunne kuma da kunne. Wa zai ji wani? Halinka ne tun kana yaro. Juya wayoyin, baki ya sami kunne."

Kunya ta kama ni, domin kwana uku ina zagin na'urar da ba ta da laifi. Na laluba aljihu na ciro sukudireba mai jan mariƙi, wadda na ara wurin Baba shekara shida da suka wuce ban mayar ba. Na kwance waya ta biyu da ta uku, na musanya su. Nan take kwamfuta ta ce, "Wa alaikumus salam," da murya irin ta wanda aka tasa daga barci.

Saura kati. Na duba ko'ina babu.

"Na ci," in ji akuya, wadda ta zo ta tsaya kusa da ni da jakarta. "An bar shi a kan teburina."

"Ranki ya daɗe, a yi mini haƙuri," na ce, na sungume ta na kusanto da cikinta jikin na'urar. Tit. Fitila ta koma kore. Akuya ta gyara tabarau ta ce a rubuta cewa ofishinta ne ya warware matsalar.

Ƙofa ta buɗe. Baba yana zaune a kan bencinsa na shago, da rediyo a cinya, ƙafafunsa sun fara tashi daga ƙasa. Na yunƙura zan riƙe shi.

"A nan ba a taɓawa," ya ce. "Kusantowa ake yi."

Na miƙa hannu, ya miƙo nasa, saura kamar faɗin yatsu biyu. Na ji ɗuminsa sarai.

"Baba, me ka so faɗa mini ranar?"

Ya dubi jan mariƙin da ke leƙowa daga aljihuna ya yi murmushi.

"Dama cewa zan yi ka riƙe ta. Ka daina ɓoye ta in za ka zo gaishe ni."

Na buɗe baki zan amsa, sai tit, tit, tit. Wayata ce a gefen matashi take kukan caji ya ƙare. Gari ya waye, matata Barira tana tsaye da tsintsiya tana kallona.

"Malam, wa kake miƙa wa hannu?"

Ban sauke shi da wuri ba.