Jar Alama a Ƙofar Motar Khalidu

Ni ne na sa aka zana alamar nan a jikin motar ɗana Khalidu. Na fara da wannan magana ne domin a gari an yi ta cewa shi ya yi, alhali tun farko bai so ba.

Sunana Na-Allah. Albasa nake saye ina sayarwa a babbar kasuwar Malanville, sana'ar da na tarar mahaifina yana yi. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji huɗu ba. 'Ya'yana biyu ne suka girma: Khalidu, wanda yake direba, da ƙanwarsa Rauda, wadda ta yi karatun jinya, tana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Toumboutou, inda daji ya fara. Takan zo gida duk bayan mako biyu.

Tun da aka rufe gadar Gaya da ke kan iyaka, Khalidu ya daina ƙetarawa. Ya koma shiga ƙauyukan yamma da farar motarsa mai rumfa, yana kwaso albasa daga gonaki. Hanyar kuwa ta lalace. Mutanen daji masu bindiga suna tare motoci, wani lokaci su binne nakiya a cikin ƙasa. Duk ranar da ya fita, ba na iya cin tuwo. Ina zaune gaban buhuna, mai saye yana yi mini magana, ni kuwa kunnena yana kan waya.

Wata Juma'a Rauda ta zo hutu, tana ba uwarta Zeinabu labari a tsakar gida, ni ina alwala ina ji. Ta ce mutanen daji sun tare anbilans ɗinsu, sun dubi jan gicciyen da ke ƙofar, sun leƙa ciki sun ga mace mai naƙuda, sai babbansu ya ɗaga hannu ya ce su wuce. Zeinabu ta yi ta salati. Ni kuwa abu ɗaya na riƙe a cikin labarin duka: sun ga alama, sun ce a wuce.

A garinmu babu motar kaya da ba ta da rubutu. Wani ya sa addu'a a goshin motarsa, wani sunan uwarsa, wani ya rataya laya a madubi. Motar Khalidu ma tana da laya biyu, ni na karɓo su. Sai na ga ai wannan alamar ma laya ce, wadda har masu bindiga suke jin nauyinta. Ranar Litinin, bayan Rauda ta koma wurin aikinta, na kira Latifu mai fenti, wanda yake yi wa motocin tasha rubutu.

Ya tsaya da gwangwaninsa yana dariya. "Malam Na-Allah, gicciye ga motar Musulmi? Ko ka canza masallaci ba mu ji ba?"

"Kai dai zana. Irin na motar likita, ja bisa fari."

"To albasar ta kamu da zazzaɓi ke nan."

Khalidu bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wanga abu ba namu ba ne. In an tambaye ni, mi zan ce?"

"Ka ce ubanka ya sa. Ni na haife ka, ni ka kwana da zullumi in ka tahi."

Ya matsa gefe ya ba mai fenti wuri, domin ba yaro ne mai jayayya da ni ba. Latifu ya zana ɗaya a kowace ƙofa, ya ƙara wata a bayan rumfa. Aikin ya yi kyau, sai ka rantse daga asibiti motar ta fito.

Tafiya uku Khalidu ya yi lafiya. A ranakun nan na ci abinci, har Zeinabu ta ce na fara ƙiba. Na riƙa ganin kaina mai dabara.

A tafiya ta huɗu, wajen la'asar, ya kira ni ya ce in same shi a ƙofar babban asibitin gari. Na hau babur ɗin kabu-kabu ko rumfata ban rufe ba. Na tarar da motar a gefen titi, bayanta a buɗe, buhunan albasa biyar kawai a ciki, duk sun jiƙe da jini. Khalidu yana zaune a ƙasa, rigarsa ja har gwiwar hannu. Na kama shi ina lalube, ina neman inda aka ji masa.

"Ba nawa ba ne, Baba," ya ce.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya faɗa mini. Yana dawowa da kaya, a wani ƙauye sai mutane suka tsaya tsakiyar hanya suna ɗaga hannu. Wani manomi mai suna Yacouba ne keken shanunsa ya taka nakiya a hanyar gona, ƙafarsa ta dagargaje. Wansa Aƙilu ya riga ya tashi mai babur ya je asibitin su Rauda ya kirawo anbilans, domin babu layin waya a wurin. Mai babur ɗin ya tayar ke nan suka hango farar mota da jar alama. Aƙilu ya ƙwala masa kira ya ce ya dawo, ga likita Allah ya kawo.

Suka ɗauko Yacouba a guje suka ɗaga rumfa. Albasa ce har sama.

"Ina majo?" Aƙilu ya riƙa tambaya. Haka muke kiran ma'aikacin jinya a nan. "Ina majo? Ina magani?"

Khalidu ya gaya masa gaskiya, shi direban albasa ne. Suka shiga zubar da buhuna a ƙasa don a samu wurin kwantar da shi. Khalidu bai san inda ake ɗaure ƙafa jini ya tsaya ba, babu kuma wanda ya sani a cikinsu. A ruɗe ya nufo Malanville maimakon ya juya asibitin ƙauye da ya fi kusa. Yacouba ya cika kafin su ga gidajen gari, kansa a kan cinyar wansa.

Na ga Aƙilu a ranar, yana tsaye jikin bango, dogo ne siriri. Ya dubi ƙofar motar, ya dube ni. Ya kau da kai. Ni ma na kasa matsawa in yi masa gaisuwa.

Na gaya wa kaina kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Na sa aka wanke motar, aka ajiye ta a ƙofar gida. Alamar kuwa ban taɓa ta ba. Khalidu yana da wata tafiya ranar Asabar, kuma bayan abin da na gani a bayan motar nan, tsorona ya ninka.

Rauda ta zo ranar Alhamis, ba ranar hutunta ba. Ta sauka daga babur, ta tsaya gaban motar ta daɗe. Sannan ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi kasuwa. Ba ta tashi ba.

"Baba, ina da magana, in ka yarda."

"Faɗi."

"Shekaranjiya an tare mu. Da, dubawa ɗaya sukan yi su ce mu wuce. Wannan karon sun sauke mu duka, har tsohon da muka ɗauko yana numfashi da kyar. Sun kwantar da direbanmu a ƙasa, bindiga ga ƙeyarsa. Sun zazzage akwatin magani a cikin yashi. Suka ce sun ji labari yanzu motocin kasuwa ma suna sa alamar, to gobe wa ya san ko soja ne a ciki. Mun fi awa guda a rana."

Zeinabu ta saki muciya ta zauna a kan turmi.

Na ce, "To mi ya haɗa wannan da motar wanki? Shi ba soja ba ne. Albasa ce."

"Baba, su ba su san Khalidu ba. Alamar suka sani." Ta ci gaba, idonta a ƙasa. "An koya mana a wurin horo cewa yaƙi ma yana da doka, ƙasashen duniya sun sa hannu. Ba a taɓa wanda ya ji rauni, ko na wane ɓangare ne. Ba a taɓa mai jinyarsa. Ba a harbin motar da ta ɗauko shi. Alamar nan alkawari ce: duk wanda ya gan ta, ana gaya masa babu makami a nan, babu fatauci, marar lafiya ne da mai kula da shi. Shi ya sa doka ta hana kowa ya sa ta, ko jandarma suka gani suna iya kama motar. Ba ta tare harsashi, Baba. Yarda ce kawai ke riƙe da ita. In mutum ɗaya ya ɗaga rumfa ya ga albasa, gobe ba zai yarda da tamu ba."

Na tuna malaminmu na allo yana gaya mana abin da aka hana mayaƙan Musulunci: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. Na ɗauka zancen zamanin da ne. Ban san akwai wani abu irinsa da ɗiyata take shiga cikinsa kowace safiya ba.

Duk da haka na ce, "In na goge, da mi zai tahi ran Asabar?"

"Da abin da sauran direbobi ke tahiya da shi."

"Su ba ɗiyana ba ne!"

Na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Ta bari na huce, sannan ta ce a hankali, "Ni ɗiyarka ce, Baba. Ni ke cikin motar gaskiyar."

Can na tambaye ta abin da ke cina tun ranar: da an bar mai babur ya tafi, da Yacouba ya rayu? Ta ce Allah ne masani. Ta ce abin da ta sani shi ne a anbilans akwai abin ɗaure ƙafa, kuma ita ce ke aiki a ranar.

Khalidu yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ce zai kira Latifu ya goge. Na ce a'a. Na je da kaina na sayo farin fenti da buroshi, na cire babbar riga, na tsuguna a ƙofar gida da rana tsaka. Maƙwabta suna wucewa suna kallo. Jan ya ƙi ɓoyuwa, sai da na shafa sau uku. Ina shafawa ina ji kamar rigar ɗana nake tuɓewa a gaban bindiga.

Ranar Asabar na shiga gaban motar na zauna. Khalidu ya dube ni.

"Ina za ka, Baba?"

"Ta'aziyya."

Ban taɓa bin hanyar nan ba tun da ta lalace. Na riƙa kallon ƙasa a gaban taya, duk inda yashi ya ɗan tashi sai in ga kamar nakiya ce. Khalidu yana bin sawun motocin da suka riga mu, ba ya kaucewa ko taƙi ɗaya. Ashe haka yake tafiya kullum, ni ina kasuwa ina ganin laya ce ke aiki.

Mun tarar da Aƙilu a ƙarƙashin rumfar zana da mutane kamar ashirin. Buhunan da aka zubar a ranar suna jingine a jikin rumbu, an rufe su da tabarma, ko albasa ɗaya ba a taɓa ba. Na yi gaisuwa, aka yi addu'a. Sannan na miƙe tsaye, domin ina so na bayan ma su ji, kuma na san maganar da aka yi a ƙauye ba ta kwana ba ta isa daji ba.

Na ce, "Ni ne uban direban nan. Ni na sa aka zana alamar likita a motarsa, don tsoro. Shi bai so ba. Motar albasa ce, ba ta taɓa zama ta asibiti ba, kuma ga ta can, na goge da hannuna. Ba mota ta biyu mai irin wannan. In kun ga alamar a wata mota, ta gaskiya ce, ku tsayar da ita. Aƙilu, na cuce ka. Ka yafe mini in za ka iya."

Aƙilu ya tashi ya je wurin motar. Ya shafa ƙofar da tafin hannu, ya zagaya ya duba ɗayar, ya duba bayan rumfa. Ya dawo ya zauna.

"Ni na kira mai babur ya dawo," ya ce. "Da bakina."

"Alamar ka gani," na ce.

Aƙilu ya juya ya ce wa mutanensa su ɗora wa Khalidu buhunansa. Maganar yafiya bai ɗauko ta ba, ni ma ban sake roƙo ba.

Khalidu yana nan yana bin hanyar, Rauda ma tana wurin aikinta. Ta ce har yanzu akan sauke su a duba, amma an daina kwantar da direba a ƙasa. Ni kuma na koma rashin cin abinci a ranakun tafiya, yanzu na mutum biyu. Da safe, in rana ta bugi ƙofar motar ta gefe, nakan hango inuwar gicciyen a ƙarƙashin farin. Zeinabu ta ce idona ne kawai. Na ajiye sauran fentin a bayan randa, kuma jiya ma na ƙara shafawa kafin Khalidu ya tayar da motar.