Kafaɗar Hagu

Inna ta ce ba za ta bar Rafin Kanya ba sai na Ingila ya zo da ƙafarsa ya ɗauke ta. Ba ta ambaci suna ba, don ɗan fari ne, kuma furfurar da ta cika masa gemu ba ta isa ta sa bakinta ya fara kama sunansa yanzu ba. Amma kowa ya san Malam Nata'ala take nufi.

'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gabas da su, sun kore shanu, sun haɗa da mutane. Rabin Rafin Kanya ya watse. Ƙanen Nata'ala, Abdul-Salam, ya kama mata ɗaki a Katsina, ya shimfiɗa leda, ya rataya labule, ya ɗauki mota ya je. Ta dama masa fura ya sha, ta sa masa albarka, ta sallame shi.

"Yaya, ni dai na yi iya yina," in ji Abdul-Salam a waya. "Ta ce ƙarami ba ya tayar da uwa daga ɗakin mijinta alhali babba na da rai."

Babba kuwa na da rai. Yana raye a Landan, a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a bayan tashar Euston, yana aikin tafinta a asibitocin kuɗi na Marylebone, inda manyan Arewa ke zuwa a duba musu gwiwa. Ya iya gaya wa mutum cewa ƙodarsa ta gaji cikin lafazin da zai sa ya yi godiya. Abin da bai iya ba shi ne ya tuna hanyar Rafin Kanya ba tare da tsoro ya kama shi ba, musamman wurin nan da kwalta ke ƙarewa, mota ta gangara cikin kurmi, direba ya kashe rediyo.

Sai ya yanke shawara irin ta maza, cewa ba a bin wannan hanya hannu rabbana. Ya yi ta kallon bindigogi a waya cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana karkatar da fuskar wayar kada na kusa da shi ya kira 'yan sanda. Ya zaɓi wata ƙarama, ba ado ba ƙyale-ƙyale, irin wadda ke ɗana kanta bayan kowane harbi. Ya sa kwat ɗinsa mai kyau ya tafi shagon da ake sayarwa.

Mai shagon, wani Bature mai ladabi kamar ma'aikacin banki, ya ce ya ga lasisi. Babu? To sai ya shiga kulob na masu harbi, ya yi watanni ana koya masa ana kuma kallon take-takensa. Bayan nan likita ya shaida kansa ƙalau, 'yan sanda su zo gida su ga akwatin ƙarfe a kafe jikin bango. Daga nan sai a yi maganar bindiga.

Nata'ala ya fito yana jin wani sanyi-sanyi a ransa, wanda bai ga dalilin bincika asalinsa ba.

Matarsa Shafa'atu tana yanka albasa ya ba ta labari.

"To ita bindigar, Baban Basma, in an ba ka, a jakar hannu za ka sa ta, ko cikin kaya tare da man zafin Inna?"

"Ai ba bindigar ce abin dubawa ba. Koyon ne."

"Shekaranjiya ka ce bindigar ce."

"Mutum ba ya ƙara ilimi?"

"Yana ƙarawa," ta ce, ta juye albasar a mai. "Allah ya sa Inna ta ga ranar saukar karatun."

Kulob ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, dogo siriri kamar rijiyar da aka kwantar. Can ƙarshe takarda ce mai baƙin ɗigo, fitila na haska ta. Wanda ke kula da sababbin shiga wani ƙaton mutum ne mai suna Mordecai, mutumin Langtang, tsohon soja, yanzu nas ne a wani asibiti, ran Asabar yake zuwa taimakawa. Yana ganin sunan a rajista ya washe baki.

"Kai! Bahaushe a ramin nan? Malam, ɓatan hanya ka yi? Masallaci yana can Regent's Park."

"Ku dai mutanen Langtang, ko a Landan sai kun nemo inda ake harbi."

"Mu gado ne. Ku kuma ciniki. Kwanta mu gani."

Ya kwanta rub da ciki, tumbinsa ya riga shi isa ƙasa. Mordecai ya koya masa yadda ake kafa gwiwar hannu, yadda ake manna gindin bindiga a kafaɗa, da yadda ake numfashi: a ja, a sake shi a hankali, in ya kusa ƙarewa sai a matsa kunamar bindigar sannu, ba fizga ba, har ƙarar ta zo wa mutum ba zato. Nata'ala ya haddace duka. Harsashi ne dai bai haddace ba. Wani ya bi gefen takarda, wani ya tafi harkar gabansa. Ran nan ma ya huda takardar wata tsohuwar Baturiya da ke kwance a layin kusa da shi, ta ɗago ta yi masa godiya, ta ce shi ne mafi kyau a cikin nata.

Sanyi ya wuce, ganye ya dawo kan itatuwa, Nata'ala na nan yana kuskure kowace Asabar cikin natsuwa. In Abdul-Salam ya kira sai ya ce, "Ina nan ina shiri." Ba ƙarya ya yi ba. Rashin iyawar ma ya zame masa wani ɗaki mai ɗumi, ƙofarsa a rufe, mabuɗin kuma ba a hannunsa ba. Wa zai ce wa wanda bai iya samun takarda ba ya je ya tari kurmi?

Mordecai ne ya ɓata lamarin. Wata Asabar ya daɗe tsaye a kansa yana kallo, sai ya ce ya tashi.

"Miƙe hannuwanka, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya. Leƙa baƙin ɗigon can ta ciki. Yawwa. Jawo su zuwa fuskarka, kada ka daina kallo."

Hannuwan suka zo suka tsaya a kan idon hagu.

"Malam, kai bahago ne."

"A'uzubillahi. Da dama nake cin abinci."

"Da dama aka sa ka ci. Idonka ba a gaya masa ba. Wa ya gyara ka?"

Nata'ala ya sauke hannuwansa. Ɗankwalin Inna ya tuna, wani shuɗi mai ratsin fari, da take ɗaure masa hannun hagu da shi a baya in an ajiye tuwo, yana kuka yana kai loma kunne. Ba ta taɓa dukansa a kai ba. Zama kawai take yi ta jira, kuma ba a taɓa fin ta haƙurin jira ba.

"Ni fa dattijo ne," ya ce. "A ce an gan ni ina abu da hagu?"

"Wa zai gan ka a ramin nan? Juya."

Ya juya, ya manna bindigar a kafaɗar hagu. Ta zauna daram kamar da can wurinta ne. Ɗigon da ya yi watanni yana rawa ya tsaya cak. Ya ja numfashi, ya sake, ya matsa. Ya sake yi, ya kuma. Da aka jawo takardar, hudojin sun taru a tsakiya har ana iya rufe su da babban yatsa.

Baturiyar ta tafa masa. Shi kuwa ya tsaya yana kallon takardar kamar sakamakon asibiti, irin wanda yakan nemi lafazi mai taushi kafin ya fassara.

"Ka gama zama baƙo," in ji Mordecai. "Yanzu sai neman lasisi. 'Yan sanda za su ja ka wasu watanni, daga nan ka sayi 'yar bindigar taka, ka kulle ta a akwati, ka riƙa zuwa muna huda takarda." Ya naɗe tabarmar harbin. "Ni ma haka nake yi. Rabona da gida tun kafin a binne babana."

Wasu watanni. Nata'ala ya ji ɗakin nan mai ɗumi yana sake buɗe masa ƙofa, har da sabuwar katifa.

Ya iso gida bayan la'asar ya tarar da Shafa'atu riƙe da waya. Rukayatu ce, maƙwabciyar Inna, wadda ta wayarta kaɗai ake samun tsohuwar. Ta ce su ma sun ɗaure kaya, da an kai gero gida za su tashi. In sun tafi ba sauran hayaƙi a unguwar sai na Inna. Sannan ta miƙa wa Inna wayar, shi ma ya karɓi ta hannun Shafa'atu.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Inna ba ta amsa masa kai tsaye ba, ba ta saba ba. Da Rukayatu ta yi magana, muryarta na yankewa tana dawowa.

"Ki ce wa na Ingila kada ya takura kansa. Awaki lafiyarsu lau. Ni ma ba inda ke mini ciwo."

Layin ya katse.

Ya zauna bakin kujera da kwat ɗinsa a jiki. A wayarsa shafi biyu ne a buɗe. Ɗaya na neman lasisi. Ɗayan na jirgin Kano, wanda Shafa'atu ta buɗe masa tun cikin sanyi bai taɓa rufewa ba, bai kuma taɓa kallo ba. Bindigar ba za ta bi shi ba, Mordecai ba zai bi shi ba, kuma mutanen kurmi ba takarda ba ne. Tsoron hanyar na nan, ba abin da ya ragu.

Ya zaɓi rana kafin a gama yankan gero. Ya ja numfashi, ya sake shi a hankali, da ya kusa ƙarewa ya matsa sannu.

"Na yi booking," ya ce, muryar kamar ta wani.

Shafa'atu ta leƙo ta kafaɗarsa ta tabbatar. Sai ta dubi babban yatsan da ke kan wayar har yanzu, na hagu ne.

"In ka isa dai," ta ce, "da dama za ka karɓi furar."