Tsarabar Zulfa ga Sarkin Ruwa

Ranar da Zulfa ta durƙusa a gaban Bunu ta miƙa masa tsaraba, ƙauyen nan nasu na gabashin Guri kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma babu wanda ya faɗi alheri. To, ina laifinsu? Bunu ne fa ya tashi a gaban Bulama, mai garin, ya rantse cewa da idonsa ya ga mahaifinta, Mala, yana satar kifi a Tafkin Gabaruwa, tafkin da aka hana kowa jefa taru sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. Mala kuwa shi ne Sarkin Ruwa, shi ke tsaron tafkin. A kan wannan rantsuwa aka tuɓe shi, aka naɗa Bunu. Tun daga ranar Mala ya koma sallah a sahun baya, in ya wuce kasuwa sai ka ji ana tari irin na gulma.

Zulfa tana Legas aka ba ta labari a waya. Injiniya ce a wani kamfani mai tsara na'urar rada ta tauraron ɗan Adam, wadda ke leƙo teku daga sama tana nemo jiragen ruwa. Na'urar ba ruwanta da hadari ko hazo. Sako igiyar rediyo take yi irin wadda ido ba ya gani, ta daki abu ta komo mata. Ruwa lafiyayye baƙi yake fitowa a hoton, ƙarfe kuwa fari tas. Abin da ya hana ƙungiyarsu sakat shi ne kwalekwalen katako, don shi ɓacewa yake yi cikin ruwan kamar babu shi. Maganin da suke gwadawa kuwa ɗan abu ne: fallayen farin ƙarfe uku a haɗa su kusurwa guda, sai su mayar wa na'urar igiyarta gaba ɗaya.

Ba ta yi kuka ba da ta ji labarin. Zuciyarta ce ta yi ta tafasa, har ta kasa cin abinci. Washegari ta shiga ofishin shugabansu ta ce tana da wurin gwaji, fadamar Hadeja, inda kwalekwale ya fi mota yawa. Ya amince.

A kasuwar Hadeja ta sa wani mai walda ya ƙera mata abin, ya yi masa ado da 'yan zane-zane, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Shi ne ta kai wa Bunu.

"Kawu, ga ɗan ado na goshin jirgi," ta ce, kanta a ƙasa. "A teku manyan masu ruwa ne kawai ke sa shi."

Bunu mutum ne da in ka yabi hularsa sai ya kwana da ita. Ya juya abin, ya washe baki. "Kin ga 'yar albarka. Ashe boko bai cinye miki hankali ba. Ki gai da babanki, ki ce masa ya yi haƙuri da ƙaddara."

Ta ce zai ji. Kafin la'asar an kafa abin da ƙusa a goshin jirginsa.

A gida ne ta sha wuya. Mala bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango. Uwarta Fanna ce ta tare ta a madafi.

"Ke Zulfa, me muka yi miki? Wanda ya zubar da mutuncin ubanki shi za ki je ki durƙusa wa?"

"Ya Fanna, ki ba ni damina ɗaya," ta ce. Ba ta ƙara ba, don ta san maganar da ta shiga madafi ba ta kwana a cikinsa.

Damina ta kankama, kogi ya cika ya malale gonakin shinkafa. Tauraron yana ratsa saman fadamar da sassafe, daidai lokacin da masunta ke fita. A ranakun da gari ya waye garau, farin ɗigon da adon jirgin Bunu ke fitarwa a hoton yana bakin gaɓa, ko can inda kowa ke kamu. Amma duk safiyar da ruwan sama ya tsare mutane a ɗaka, sai ga shi tsakiyar Tafkin Gabaruwa, daga nan ya shige cikin kacala, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe rabin fadama. Kullum wuri ɗaya. Zulfa takan zuba wa ɗigon ido a kwamfutarta, daɗi da ƙiyayya suna cin ta lokaci guda.

Ba ta tsaya nuna wa Bulama hoto ba, ta san zai ce aikin Nasara ne. Wata safiya ana tsuga ruwa ta buga masa ƙofa, ta ce ya taso da liman da dattawa, in ba su ga komai ba a kore ta daga garin. Suka shiga jirgi suna mita, tana nuna hanya da wayarta. A cikin kacalar suka tarar da wata 'yar hanya da aka sassabe da lauje. A ƙarshenta ga Bunu tsugune, yana zazzage tarwaɗa da karfasa daga taru, jirgin ya cika har yana neman nutsewa.

Ranar Juma'a bayan an sallame, Bulama ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Wasu suka ce a kai Bunu ga hukuma, wasu suka ce a ƙona jirgin. Bulama ya juya wajen Mala ya ce shi aka zalunta, ya faɗi abin da yake so.

"Ba na son jirginsa," in ji Mala. "Ya faɗa da bakinsa, a nan inda ake jinsa."

Bunu ya sunkuyar da kai, rawaninsa ya karkace. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai na kusa da shi ne suka ji. "Ƙarya na yi wa Mala. Ni ne nake shiga tafkin."

Bulama ya ɗaga hannu zai rufe taro, don ya ga tsoho ya gama wulaƙanta. Sai murya ta taso daga can bayan katanga, inda mata ke tsaye. Zulfa ce, kuma ko kaɗan ba ta ji tausayinsa ba.

"Kawu, ɗaga murya," ta ce. "Mu nan baya ba mu ji ba."