Ranar da Aka Musa wa Malama

Mako uku Malamar adabi ta yi tana fama da 'yan aji biyar a kan littafi guda. Labarin wani gari ne da hukuma ta hana yin tambaya, kowa da safe sai ya fito ƙofar gida ya ce lafiya lau, ko da ciwo na cin sa. Yaran sun karanta tsaf, amma in ta ce su tattauna, sai ka ji fanka kaɗai tana kuka.

Shi kuwa shugaban makaranta ya riga ya ja mata kunne: in ya zo ranar Alhamis ya tarar da shirun nan, zai ba malamin lissafi darasin. Abin ya tsaya mata a rai, don darasin nan take so fiye da komai a makarantar.

Alhamis ta zo, shugaba ya ja kujera ya zauna a baya. Malama ta ce, "To, me littafin nan ke son gaya mana?"

Sai yara arba'in suka ɗauka da murya ɗaya, har da waƙe: "Littafin yana nuna mana cewa kowa ya yi tunani da kansa!"

Kai, jama'a! Layin da ta rubuta musu a allo ne suka haddace, ko waƙafi ba su bari ba. Shugaba ya gyaɗa kai, wai ya ji daɗi. Ita kuwa kunya ta kama ta, don ta gane ita ta mai da su haka da hannunta.

Ta ajiye alli ta gyara tsayuwa, ta ce bari ta gwada su. "Na sake shawara. Mutanen garin nan sun more. Ba faɗa, ba gardama. Matar da ta yi tambaya aka kama ta, ita ta jawo wa kanta. Ku rubuta."

Wallahi suka duƙa suna rubutawa! Sai can wata yarinya da ake kira Doguwa, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ta buga biro a tebur.

"Haba Malama! Ɗanta fa aka ɗauke, ta ce ina yake. Shi ne laifin?"

"Amma ai da ta yi shiru, da ƙaramin ɗanta bai zama maraya ba," in ji wani yaro da ake kira Sarkin Barci, wanda yau idonsa biyu.

"Kai in an ɗauke ka, so kake mamarka ta yi shiru?" in ji Doguwa.

Shi ke nan aji ya kaure. Wannan na buɗe shafi, wancan na ɗaga hannu biyu, Malama na tsakiya tana raba magana tana dariya kamar an yi mata kyautar mota.

Shugaba ya miƙe ya yi gyaran murya. "Ni dai ina ganin malamarku ta yi gaskiya. Doka ai doka ce."

Doguwa ta tashi, ta miƙa masa littafinta da hannu biyu.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Karanta babi na tara tukuna."

Shugaba ya dubi yarinyar, ya dubi Malama, ya koma ya zauna yana laluben tabarau a aljihu.

"Malama," ya ce, "mako mai zuwa a ajiye mini kujera a gaba."